Idan Faifan Kwamfuta Ya Ɓatar da Aikinka: A Fara Gano Cuta Kafin A Nemi Magani

[Kiɗan buɗe shiri]

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan fasahar zamani. Ina gaida mutanen Rano ta Autan Bawo, da na Rurum, da na Saji. Ina gaida mutanen Kibiya, da na Tarai, da na Fammar. Masu shagon buga takardu, malaman makaranta, akawun ofis, ɗalibai masu rubuta firojet, da masu ɗaukar hoton biki, shirin yau naku ne.

Yau za mu yi magana a kan faifan ajiya na kwamfuta, wanda masu gyara suke kira had dis. Nan ne kwamfuta take adana duk abin da ka rubuta, duk hoton da ka zuba, duk lissafin da ka yi. To idan ka wayi gari ka tarar babu komai fa? Me za ka fara yi? Kuma yaya ake gane abin da ya same shi?

Shirin ya kasu kashi huɗu. Na farko, yadda faifan yake a ciki. Na biyu, ire-iren ciwonsa. Na uku, manhajar da ke duba shi tun daga tushe. Na huɗu, rigakafi. Kafin nan, ga jumla ɗaya da nake so ku riƙe har ƙarshen shirin: a tsaya, a kwafa, sannan a bincika. Zan sake faɗa. A tsaya, a kwafa, sannan a bincika.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Akwai wani ƙanena mai shagon buga takardu a nan Rano. Wata rana da hantsi ya iso gidana a kan babur, ya naɗo kwamfutarsa a cikin sallaya ya rungume ta. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, komai ya tafi." A cikin kwamfutar akwai firojet ɗin ɗalibai, da sunayen 'yan wata ƙungiyar manoma, da hotunan bukukuwa da bai riga ya wanke wa masu su ba. An ɗauke wuta ne yana tsakiyar aiki. Da wutar ta dawo ya kunna, sai kwamfutar ta ce ɓangaren da yake ajiya a cikinsa ba zai buɗu ba sai an yi masa fomat.

Na ce masa, "Ka danna mata e?" Ya ce, "A'a Yaya, tsoro ya kama ni, kashe ta kawai na yi." Na ce, "Alhamdu lillahi. Wannan tsoron shi ya cece ka." Za mu riƙa komawa kan labarinsa a kowane kashi.

[Ɗan kiɗa]

Kashi na farko. Me ke cikin wannan faifai?

Idan ka riƙe shi, ɗan akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa akwai faranti mai sheƙi kamar madubi, wani lokaci ɗaya, wani lokaci biyu ko fiye. Farantin yana juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a minti ɗaya. Wato sau 90 ko sau 120 a daƙiƙa guda. A samansa akwai wani ɗan hannu mai kai kamar tsinin allura. Shi ke rubutu, shi ke karatu, da ƙarfin maganaɗisu. Kan allurar nan ba ya taɓa farantin. Shawagi yake yi a kan iska, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Shi ya sa bugu ɗaya, ko faɗuwa ɗaya daga kan tebur, yake iya sa allurar ta karce farantin.

Wannan fasaha ta daɗe. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da irinta ta farko a 1956. Faranti 50 ne a cikinta, kuma duk abin da take ɗauka bai wuce megabait 5 ba. A yau hoto ɗaya ko biyu na waya ya isa ya cika ta.

Yanzu ku zo mu je gona, domin a can za mu fi fahimta. Ku ɗauki farantin nan a matsayin wani makeken fili da aka ja wa kunyoyi. Kowace kunya tana da lambarta. Masu gyara suna kiran kunyar nan sekta. Sekta ɗaya tana ɗaukar bait 512, wato kamar harafi 512. Faya-fayan da aka yi daga wajen 2011 zuwa yau, da yawansu sektarsu ta ciki bait 4,096 ce. Faifai mai gigabait 500 yana da kusan sekta miliyan 977 a ƙidayar bait 512.

To fili mai wannan girma, wa zai san inda shukar kowa take? Sai da littafi. Kamar yadda mai gari yake da masaniyar gonar wane ta fara daga nan ta tsaya can, haka kwamfuta take da nata littafin rajista. A ciki take rubuta cewa firojet ɗin wance yana kunya ta kaza zuwa ta kaza. Idan ka danna fayil, littafin take fara dubawa, sannan ta aiki allura ta ɗauko.

Ku lura da wannan, domin shi ne ƙashin bayan shirin. Gona daban, littafi daban. Littafi yana iya yagewa, shuka tana nan a gona. Ranar da ka goge fayil, sunansa kawai aka soke a littafi, aka ce kunyoyin nan babu mai su. Shukar tana nan har ranar da wani ya zo ya yi huɗa a kanta. Sabon fayil da ka zuba, shi ne sabuwar huɗar. Idan aka yi ta, magana ta ƙare.

[Ɗan kiɗa]

Kashi na biyu. Ire-iren ciwon faifai. Guda uku ne manya.

Na ɗaya, ciwon littafi. Farantin lafiyarsa lau, rajistar ce ta rikice. Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana jawo shi. Fizge faifan waje ba tare da an sallame shi ba yana jawo shi. Kuskuren gogewa ko na fomat, shi ma nan ya faɗo. Har da bairos ɗin nan da ke yawo a filash daga shago zuwa shago, wanda ke ɓoye folda ya bar inuwarta. Wannan ciwon ya fi sauƙin magani.

Na biyu, ciwon kunya. Wasu sektoci sun lalace, kamar gonar da zaizaya ta ci wani gefe nata. Alamarsa, kwamfuta ta riƙa nauyi. Ka buɗe folda ta tsaya cak. Ka fara kwafa ya kai rabi ya maƙale. Hoto ya buɗe, rabinsa toka-toka.

Na uku, ciwon ƙarfe. Allura ta lalace, ko injin da ke juya faranti ya tsaya, ko allon lantarkin da ke bayan faifan ya ƙone. Wannan kunne ke gane shi. Za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, yana maimaitawa. Ko ka ji ƙara kamar ana goga ƙarfe. Ko ka ji shiru, babu motsi sam. Jama'a, idan kun ji ƙas-ƙas ɗin nan, ku kashe nan take. Babu manhajar da ke gyara allura. Duk kunnawar da aka ƙara, ƙarin karcewa ce a kan faranti.

Saboda haka awon farko ba ya buƙatar ko sisi. Na cire faifan ƙanena, na jona shi a jikin tawa kwamfutar, na kara kunnena. Na ji ya tashi da wani siririn sauti, ya daidaita, babu ƙas-ƙas. Na ce masa, "Ƙarfen da ransa. Saura mu ji ta bakin faifan."

[Ɗan kiɗa]

Kashi na uku, kuma a nan za mu ɗan daɗe. Manhajar da ke duba faifai tun daga tushe.

Me ake nufi da dubawa daga tushe? Windows, idan ka tambaye ta fayil, littafi take buɗewa. Idan littafin ya yage, sai ta ce babu komai. Amma akwai manhajojin da ba ruwansu da littafi. Gona suke shiga da ƙafa. Su fara daga kunya ta farko, su bi ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, suna tambayar kowace: kina karantuwa? Cikin wane lokaci? Wannan shi ne sikanin na tushe.

Aikin mataki huɗu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Mataki na ɗaya, a karanta katin asibitin faifan. Tun tsakiyar shekarun 1990, faifai yana rubuta bayanin lafiyarsa da kansa. Sunan tsarin SMART. Manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana nuna shi cikin daƙiƙa kaɗan, ba tare da wahalar da faifan ba. Shuɗi, lafiya. Ruwan ɗorawa, a yi hattara. Ja, ciwo ya yi nisa. Ku riƙe lambobi uku. Lamba 5 tana ƙirga sektocin da suka mutu, faifan ya maye gurbinsu da na ajiya. Lamba 197 tana ƙirga waɗanda ake zargi, an kasa karanta su, ana jiran hukunci. Lamba 198 tana ƙirga waɗanda aka kasa gyara karatunsu. A lafiyayyen faifai, duka ukun sifiri ake so a gani. Biyar, ɗari da casa'in da bakwai, ɗari da casa'in da takwas.

A 2007 masana a kamfanin Google suka fitar da binciken da suka yi a kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren sikanin karo na farko, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na sauran sau 39. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Darasi biyu ke nan. Idan katin ya yi gargaɗi, ka yarda da shi. Idan ya yi shiru, kada ka saki jiki.

A faifan ƙanena, ruwan ɗorawa muka gani, lamba 197 ta ɗaga. Ashe ciwo biyu ne suka haɗu. Kunyoyi sun fara lalacewa, kuma wasunsu a daidai inda littafin yake.

Mataki na biyu, a kwafa. Ku saurara da kyau, domin a nan masu gyara da yawa suke yin tuntuɓe. Cikakken sikanin aiki ne mai nauyi. Faifan da ya jigata, mai yiwuwa zagaye ɗaya ya rage masa. Kada a ƙarar da wannan zagayen a kallon ciwo. A yi amfani da shi wajen kwashe amfanin gona. Akwai manhajar kyauta mai suna ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, tana aiki a kan Linux. Dabararta irin ta manomin da hadari ya taso masa ce. Tana fara kwashe wuraren da ke da sauƙi, ta tsallake masu wuya, ta rubuta inda ta tsallake, daga baya ta dawo musu a hankali. Sekta bayan sekta take kwafa zuwa wani lafiyayyen faifai mai girman na farko ko fiye. Idan wuta ta ɗauke, daga inda ta tsaya take ci gaba.

Mu mun aro faifai, muka kunna ddrescue bayan sallar isha'i a kan batir. Ƙanena ya ƙi tafiya gida, ya shimfiɗa tabarma a gefen tebur. Kafin asuba ta gama. 'Yan sektoci ƙalilan ne suka gagara.

Mataki na uku, a nemo fayiloli, amma a jikin kwafin. Asalin faifan a ajiye shi gefe. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta manhajoji biyu na kyauta. TestDisk tana neman ragowar littafi ta ɗinke shi. PhotoRec kuwa ko littafin ba ta nema. Kowane irin fayil yana da alamar da yake farawa da ita, kamar yadda manomi yake bambance gero da dawa tun suna tsiro. Da wannan alamar take tsinto hotuna da takardu. Sai dai suna dawowa babu sunayensu na asali, sai ka zauna ka tantance. Kuma doka ɗaya ce a nan: abin da aka ceto, a wani faifai daban ake sauke shi.

Mataki na huɗu, yanzu ne za a yi wa tsohon faifan cikakken sikanin, a san hukuncinsa. Masu gyara sun fi amfani da MHDD, ta Dmitry Postrigan, da Victoria, wadda aka rubuta a ƙasar Belarus, da kuma HDDScan. Idan ka kunna, allon zai riƙa cika da ƙananan murabba'ai, layi bayan layi. Kowane murabba'i gungun sektoci ne, launinsa kuma yana nuna tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. Toka-toka, ya amsa nan take. Kore, ya ɗan yi jinkiri. Ja, ya sha wuya kafin ya amsa. A MHDD, wanda ya haura rabin daƙiƙa ya shiga sahun mafi muni. Idan kuma ka ga alamar kuskure mai haruffa UNC, wannan wurin bai karantu ba ko kaɗan.

Yadda launukan suka bazu ma magana ne. Idan jajayen sun taru wuri guda, sau da yawa bugu ne ko karcewa. Idan sun warwatsu ko'ina, faifan ne ya tsufa. Idan kuwa suna zuwa a jere, tsiri mai kyau, tsiri marar kyau, a kan tazara ɗaya, to ana zargin ɗaya daga cikin allurorin ce ta raunana. Lafiyayyen faifai mai gigabait 500 yakan gama cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Ga gargaɗi, kuma ina roƙon masu gyara su ji ni. A cikin manhajojin nan akwai zaɓin karatu kawai, akwai na gogewa, akwai na sauya sekta. Muddin akwai abin da ba a ceto ba, karatu kawai ake zaɓa. Na gogewa huɗa yake yi a kan shuka. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ƙanena ya samu firojet ɗin ɗalibansa duka, da sunayen manoman. Hotuna kaɗan ne suka dawo a yage. Sikanin ya nuna jajaye a farkon faifan, sai na ce masa, "Wannan ya gama aikinsa, kada ka ƙara ba shi amana." Ya sayi sabo.

Wanda kwamfutarsa ke da sabon nau'in ajiya mai suna SSD, ya sani cewa babu faranti a cikinsa, babu allura. Ya fi jure bugu. Amma yana share gurbin abin da aka goge da kansa cikin ɗan lokaci, don haka dawo da gogaggen fayil a cikinsa ya fi wuya ƙwarai.

To idan ciwon na ƙarfe ne fa? Kada a kwance faifan a shago. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ratar da ke tsakanin allura da faranti girma, balle a lokacin hunturu. Kada a sa shi a firji, raɓa za ta shige shi. Kada a bubbuga shi. Wannan aikin ƙwararru ne masu ɗaki marar ƙura. Kuma suna yin abin mamaki. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a 2003, an tsinci wani faifai a ƙone, ƙwararru suka ceto kusan kashi 99 cikin ɗari na bayanan da ke cikinsa. Amma aiki ne mai tsada.

Idan za ka kai gyara Kano, ko Farm Centre ko titin Beirut, tun kafin ka miƙa ka faɗa da bakinka: "Bayanan ciki nake so, kada a yi fomat, kada a ɗora sabuwar Windows." Ka tambayi mai gyaran, "Za ka fara kwafa?" Amsar da ya ba ka za ta nuna maka ko ya san aikin. Ku kuma masu gyara, abin da kuka gani a faifan mutane amana ce. Hoton iyalin wani da takardunsa ba abin nunawa ba ne.

[Ɗan kiɗa]

Kashi na huɗu, rigakafi, wanda ya fi magani.

Na ɗaya, wuta. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS, ɗan batirin da ke riƙe ta har ya adana aikinsa ya kashe. Idan za a sauya daga wutar gari zuwa janareta, a fara kashe kwamfuta.

Na biyu, zafi da ƙura. A watan Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo, kafar iskarta tana toshewa. A rufe kwamfuta da ƙyalle bayan an tashi aiki.

Na uku, girgiza. Kada ka rufe murfin laftof kawai ka hau babur daga Kibiya zuwa Rano. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka tabbata ta mutu, sannan ka sa ta a jaka.

Na huɗu, mai sayen kwamfuta ta hannu ya duba SMART tun a gaban mai sayarwa. Lamba 9 tana nuna awannin da faifan ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Idan ka ga 26,000, ka san ya yi kusan shekara uku yana juyawa dare da rana.

Na biyar, wanda ya fi duka, kwafin ajiya. Manomin kirki ba ya zuba iri da abinci a rumbu ɗaya. Ƙa'idar ita ce uku, biyu, ɗaya. Kwafi uku na abu mai muhimmanci. A ma'ajiya iri biyu. Ɗaya a wani wuri daban da inda kwamfutar take. Misali, ɗaya a kwamfutar shago, ɗaya a faifan waje da kake tafiya da shi gida, ɗaya a intanet. Mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta. Ɗalibi, ko kanka ka riƙa tura wa firojet ɗinka ta imel duk daren da ka ƙara babi. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, ka ce duk Juma'a kafin in rufe shago sai na kwafa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanena yanzu yana da ƙaramin faifan waje a aljihun rigarsa. Tare da makullin shago yake fita da shi, tare suke komawa gida.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Mu tuna abin da muka tattauna. Gona daban, littafi daban. Idan aiki ya ɓace, ka kashe kwamfutar, kada ka yarda da fomat, kada ka zuba sabon abu. Ka kara kunne. Idan da ƙas-ƙas, sai ƙwararru. Idan babu, a duba SMART, a kwafe faifan sekta bayan sekta, a nemo fayiloli a jikin kwafin, daga ƙarshe a yi sikanin a san hukunci. A tsaya, a kwafa, sannan a bincika.

Wanda ya ji, ya gaya wa mai shagon unguwarsu, ya gaya wa ɗalibin gidansu. Kuma a daren yau, kafin ka kwanta, ka zaɓi fayil ɗaya da ba za ka so ka rasa ba, ka yi masa kwafi. Allah ya tsare mana dukiyarmu da guminmu.

[Kiɗan rufe shiri]